Takardun Khalifa

Ranar da Malam Mamuda ya raka ƙanwarsa Fa'iza da iyalinta tashar mota a Gummi, ya ɗauka ya sauke nauyi ke nan. Shekara biyu ana fama da maganar tafiyar nan. Fa'iza malamar asibiti ce, ta yi aiki a Bagega, ta yi a Anka, sai ga shi ta samu aikin jinya a Ingila, aka ba ta izinin tafiya da mijinta Junaidu da 'ya'yansu biyu, Khalifa mai shekara goma sha huɗu da Munira mai tara. Shi kuwa Mamuda, da yake shi ne babba a gidan tun rasuwar mahaifinsu, babu ofishin da bai taka ba saboda su. Da motar ta ɗaga ya yi masu addu'a, ya dawo gida, ya ce wa matarsa Uwani daga yau ba shi da sauran aiki sai gona da masallaci.

Kwana goma sha tara ya samu yana hutawa. Ran na ashirin, yana tsugune yana gyara wa akuya turke, waya ta yi ƙara a aljihunsa. Saƙon murya ne daga Fa'iza, har na minti bakwai.

"Yaya, ina kwana. Ya Inna da jiki? Yaya, maganar makarantar yaran nan ta hana ni sukuni. Nan ba a kama hannun yaro a kai shi makaranta a ce ga shi. Takarda aka cikawa a kwamfuta, ka rubuta makarantu ukku da kaka so, su kuma su duba inda gidanka yake su ba ka wadda sunka ga dama. Na cika tun satin da munka zo, har yau shiru."

Mamuda ya yi murmushi irin na wanda aka kawo wa magana a fagensa. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana koyarwa, goma sha biyu daga ciki yana hedimasta. Ya goge hannu, ya danna waya, ya yi mata bayani dalla-dalla: ta yi shiga ta mutunci, ta kama hannun yaran, ta tafi wurin hedimasta da kanta, ta gaishe shi, ta ce ita baƙuwa ce. Babu hedimastan da zai ga yaro tsaye a gabansa ya ce babu wuri. Shi da kansa ya taɓa zaunar da yara tamanin a aji guda, kuma babu wanda ya mutu.

Amsa ba ta daɗe ba. "Yaya, wane hedimasta? Ƙofar makarantar ma kulle take. Wani abu kaka dannawa jikin bango ka yi magana, wata mata ta amsa maka daga ciki ta ce ka koma ka jira wasiƙa."

Bayan kwana biyu ta turo masa sunayen makarantun sakandare biyar, da hotuna, da wasu dogayen rahotanni na Turanci, ta ce tunda shi ne masanin harkar ya zaɓa wa Khalifa. Mamuda ya ji daɗin wannan girmamawa, ko da yake bai nuna ba. Ya ɗauko tabarau, ya sayi sabon littafin rubutu, ya zauna a zaure kwana uku yana karatu a fuskar waya har idanunsa suka yi ja. Ya duba wadda ɗalibanta suka fi cin jarrabawa, da wadda ke da ɗakin salla, da wadda ake dafa abincin da Musulmi zai iya ci. Ya jera su daga ta ɗaya zuwa ta biyar, kowace da dalilinta, ya karanta mata cikin waya kamar mai gabatar da jawabi a taron malamai.

Washegari ta ce ta ɗaya ta cika. Ta biyu ba unguwarsu ba ce, titi ɗaya ne ya raba su da ita, amma titin nan ya isa. Ta uku ta coci ce, sai 'ya'yan mabiyanta sun gama samu. Ta huɗu akwai yara ashirin da shida a layin jira.

"To, ke Fa'iza," in ji Mamuda, muryarsa ta fara hawa, "in kin san haka, mi ya sa kinka sa ni zaɓe? Ai wannan ba zaɓe ba ne. An ajiye maka ƙwarya ɗaya an ce ka ɗauki wadda kaka so."

Uwani na tankaɗe a tsakar gida, ta ce ya rage murya, Inna tana barci. Inna ita ce mahaifiyarsu, ta tsufa ƙwarai, tana zaune a ɗakin da ke kusa da rumbu.

Munira dai ta samu firamare, sai dai mota biyu ake hawa kafin a kai. Khalifa kuwa ya shiga sati na shida yana zaune a gida yana kallon talabijin. Ta biyar ɗin, wadda Mamuda ya ajiye a ƙarshe don ya ga ɗalibanta ba su cika cin jarrabawa ba, ita ce ta ce tana da wuri. Amma ta ce a kawo sakamakon yaron na makarantun da ya yi, da katin rigakafinsa, da duk wata takarda da za ta nuna inda karatunsa ya tsaya. A nan ne gizo ke saƙar. A can shekaru ake bi, ba a bin aji. Mai shekara goma sha huɗu ajin 'yan sha huɗu zai shiga, waɗanda saura masu shekara biyu su zauna babbar jarrabawa, alhali Khalifa a Anka ajin farko na ƙaramar sakandare yake, shi ma da ƙyar.

Junaidu ne ya kira a kan wannan. Mutum ne mai sanyin murya, wanda ba ya zuwa ga magana kai tsaye. Sai da ya gaishe da kowa har da akuya, sannan ya ce, "Yaya Malam, nac ce ko akwai yadda za a yi a samo wata takardar haihuwa a nan gida, a ɗan rage mashi shekara biyu? Sai su sa shi ajin da zai iya."

"Junaidu, fasfo ɗin da yaron ya shiga da shi ƙasar mutane, shekara nawa anka rubuta a ciki?"

"Sha huɗu."

"To, so kake Turawa su ce yaron ya ƙanƙance a jirgi? Kada in sake jin wagga magana."

Saura takardu. Fa'iza ta rantse ta sa su a jaka, Junaidu ya rantse bai taɓa ganinsu ba. Ba yadda za a yi sai a sake nemowa daga tushe, kuma duk duniya babu mai nemowa sai Mamuda. Khalifa ya yi firamare a Bukkuyum, lokacin da yake hannun kakarsa ta wajen uba, sannan ya koma Anka wurin iyayensa ya shiga sakandare.

Tafiya a hanyar nan yanzu ba a yi mata gaggawa. Direbobi ba sa tashi sai motar farko ta iso daga wancan gefen ta ce hanya lafiya. Mamuda ya zauna a tasha tun bayan karin kumallo har rana ta take, aka cusa shi gaba shi da wani mai buhun barkono, ya isa Bukkuyum yana atishawa. Hedimastan makarantar, Malam Tasi'u, tsohon ɗalibinsa ne, don haka ya sa rai aikin ba zai wuce rabin awa ba. Ya tarar Malam Tasi'u ya tafi Gusau tantance malamai. Ya koma gida.

Ya sake zuwa ranar Laraba. Malam Tasi'u ya tarbe shi da murna, ya durƙusa har ƙasa, ya ba shi kujerarsa, ya aika aka kawo fura mai sanyi. Sai dai makullin kabad ɗin rajista yana hannun mataimakinsa, mataimakin kuwa ya tafi Adabka noman dawa, kuma can ba a samun waya sai an hau tudu.

"A ɓalle kwaɗon mana," in ji Mamuda.

"Ranka ya daɗe, ai kai ka koya muna kayan gwamnati ba a ɓalle su."

Mamuda ya shanye furarsa, ya tafi.

A zuwa na uku aka buɗe kabad. Suka baje rajistoci a kan tebur, suka bi suna bayan suna, shekara shida cur, babu Khalifa Junaidu. Malam Tasi'u ya fara tambaya cikin ladabi ko dai wata makarantar ce. Mamuda ya ce shi da ƙafarsa ya taɓa zuwa nan ya ɗauki yaron ranar hutu. Suna cikin haka idonsa ya faɗa kan wani suna, Umar Faruk Junaidu, sai ya dafe kai. Sunan yanka ke nan. Sunan mahaifin Junaidu aka sa wa yaron, shi ya sa babu mai faɗinsa a gidan, tun yana zanen goyo ake ce masa Khalifa, har aka yi fasfo da Khalifan. Kakar ce da ta kawo shi makaranta ta sa aka rubuta na gaskiya, ita ma ba da bakinta ta faɗa ba, maƙwabciya ta faɗa mata.

Da ya duba ranar haihuwa sai ya ga ɗaya ga Janairu. Ya duba na sama, ɗaya ga Janairu. Na ƙasa ma haka. Yara sittin da biyu, duk rana ɗaya uwayensu suka haife su. Ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya tuna rajistocin da shi ma ya cika a zamaninsa, ya rufe bakinsa.

Ya karɓi takardar shaidar gama firamare da sunan Umar Faruk. Wannan ya jawo masa wuni guda a kotu yana neman takardar rantsuwa, wadda za ta ce Umar Faruk da Khalifa mutum ɗaya ne. Magatakardan ya ce a kawo yaron a gan shi. Mamuda ya ce yaron yana Ingila. Ya ce to a kawo ubansa. Mamuda ya ce uban yana tare da yaron. Magatakarda ya dube shi ta saman tabarau ya ce, "To kai mi naka a ciki?" Mamuda ya ce wallahi tambayar da yake yi wa kansa ke nan tun da safe.

Duk wannan lokaci saƙonnin Fa'iza ba su tsaya ba. In ya fito masallaci akwai saƙo, in ya dawo gona akwai biyu. Makaranta ta ce in ba a kawo ba nan da ƙarshen wata za su ba wani wurin. Wata jami'a ta zo gida tana tambayar dalilin da ya sa yaro ba ya makaranta, alhali su ne ba su ba shi ba. Munira ta dawo tana kuka, an tambaye ta sunan iyalinsu ta faɗi na kakanta, aka ce ba shi ne a takarda ba. "Yaya, don Allah ka ɗan hanzarta." Wannan kalma ta hanzarta ita ta fi ƙona masa rai. Ita tana can inda mota ke zuwa a kan minti, tana ce wa mai jiran direban Gummi ya hanzarta.

Anka ta fi nisa, ta kuma fi wuya. Da ya isa makarantar sai ya ga rabin azuzuwan mutanen ƙauyuka ne a ciki, waɗanda suka baro gidajensu saboda 'yan bindiga. Mata na girki a bakin aji, an shanya zannuwa a kan tagogi. Ofishin da ake ajiye takardu shi ma an ba wasu, takardun kuwa an ɗure su a buhuna an jibge a sito. Shugaban makarantar ya haɗa shi da malamar ajin su Khalifa, wata doguwar mace mai suna Malama Atine, wadda ba ta da yawan dariya. Ita ta sa hannu a buhu na huɗu ta zaro sakamakon. A nan kuma Halifa J. Bagega aka rubuta.

"Suna na ukku ke nan," in ji Mamuda. "Yaro ɗaya kamar ɗan fashi."

Ya duba takardar. Na arba'in da ɗaya cikin arba'in da bakwai. Lissafi ja, Turanci ja, kimiyya ja. Ya juya ta, ya sake juyowa, ya yi gyaran murya. Shi da ya wanke Junaidu tas a kan rage shekaru, sai ga shi yana cewa, a hankali, ko za a iya sake rubuta takardar da sunan da ke fasfo, in ana sake rubutawa kuma a ɗan duba jajayen nan, tunda ƙasar waje za ta, kada a kunyata makaranta.

Malama Atine ta dube shi sai da ya sunkuyar da kai.

"Malam, suna zan gyara maka, don kuskurenmu ne. Maki kuwa ba ni taɓa shi. In na rubuta ya iya, su sa shi inda anka iya, wa ya cutu? Yaron ga ba malalaci ba ne. Abin da ka koya mashi yau, gobe sai ya dube ka kamar bai taɓa ji ba, kuma ka ga yana so. Amma ka ba shi abin hannu ka gani. Fankar ofishinmu shekara biyu tana mace, shi ya tada ta. Ina da irinsa biyar a aji, duk daga Bagega da Sunke, duk haihuwar shekarun nan ne. Kai ma ka san abin da nika nufi."

Ya sani. Lokacin da Fa'iza ke aiki a Bagega, gidan da suke haya bango ɗaya ne da inda ake niƙa dutsen zinari. Khalifa yana rarrafe a ƙasar nan, yana kai hannu baki. Da gubar dalma ta fara kashe yara, yana cikin waɗanda aka kwantar a Anka, aka yi ta ba shi magani wata da watanni. Ya tashi, ya yi ƙiba, ya yi gudu kamar kowa, sai dangi suka rufe maganar, ba a sake tada ta ba. Mamuda ya tuna wani hutu da yaron ya zo Gummi, ya zaunar da shi a zaure yana koya masa jadawalin lissafi, kwana huɗu ba su wuce gidan uku ba, har ya zaro bulala. Yaron bai yi kuka ba, sai kallonsa da yake yi.

Malama Atine ta yage takarda daga littafinta ta zauna a kan buhu ta rubuta wasiƙa shafi ɗaya da rabi. Ta faɗi abin da Khalifa ya iya da abin da bai iya ba, da yadda yake fahimta in an nuna masa da hannu an maimaita, da abin da take zaton ya jawo. Shugaban makaranta ya buga hatimi.

Tun a tasha ya kira Fa'iza ya karanta mata.

"Yaya, ba ni kai wagga takarda," in ji ta. "Ba ka san mutanen nan ba. Da sun ji haka sai su liƙa mashi suna, su kai shi makarantar masu taɓin ƙwaƙwalwa. Ko su ce ni uwar ina malamar asibiti na bari ɗana ya ci guba. Na baro gida don ya fara sabuwar rayuwa, ba don a bi shi da Bagega har nan ba."

"Ke kika ɗauki jininsa da hannunki ana aunawa. Ni zan gaya maki abin da dalma ka yi wa yaro?"

"Ya warke, Yaya."

"Na arba'in da ɗaya cikin arba'in da bakwai, Fa'iza! A Anka! Can kuma za su sa shi gaba da aji ukku, da Turancin da ba ya ji. Kin fi so su ce daƙiƙi ne, da su san ciwo ya yi? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Sati huɗu ina yawo kamar mai tallan goro, gonata ta cika da ciyawa, na samo gaskiya guda ɗaya tak a cikin takardun ga, ita ce kuma kika ce ba ki so!"

Mutanen tasha suka juyo suna kallonsa. Fa'iza ta fara kuka, ta ce ko ta yarda ma, Turawa ba za su karɓi zaton wata malama ba sai da takardar asibiti, katin maganin kuwa ita ba ta san inda yake ba, haka na rigakafi. Ta kashe waya.

Ya koma asibitin da aka kwantar da yaran a lokacin. Waɗanda suka yi aikin sun daɗe da tafiya, wanda ya tarar ya ce a dawo wani satin, mai kula da tsofaffin fayil ya tafi jana'iza. Mamuda bai ko yi musu ba, ƙarfin faɗan ya ƙare masa.

Ya iso Gummi da la'asar, ƙafafunsa sun kumbura. Ya zauna a kan tabarma a tsakar gida yana ba Uwani labari, yana yi yana tsaki, ya ce kati biyu sun rage, kuma ya rantse ba zai sake taka Anka ba ko Fa'iza za ta turo saƙo ɗari. Inna tana zaune bakin ƙofarta tana jan carbi. Sai ta ce, "Wane kati?"

"Ba komi, Inna. Na asibitin Khalifa ne, tun na zamanin ciwon nan."

"Mai ruwan ɗorawa, da wani fari mai hoton jariri?"

Mamuda ya juyo gaba ɗaya. Inna ta sa Uwani ta jawo mata wata tsohuwar kwalla daga ƙarƙashin gado. A ciki, ƙasan turare da tsofaffin 'yan kunne, akwai leda a ɗaure da zare. Katin maganin dalma ne, da ranakun da aka auna jinin yaron da abin da aka samu, ga kuma katin rigakafi, ga takardar haihuwa ta asibiti da kwanan wata na gaskiya. Fa'iza ce ta kawo mata shekara goma da suka wuce, ta ce ta ɓoye mata, ba ta son ganinsu, daga baya ita kanta ta manta.

"Inna! Wata guda ina wahala, kina ji, abin yana ƙarƙashin gadonki?"

"Ka tambaye ni? Kullum ka shigo kana huci, ka fita kana huci, in na ce mi ya faru ka ce ba komi, maganar boko ce. To ni ina ruwana da boko?"

Uwani ta shige ɗakin girki da sauri, amma ana jin dariyarta daga can.

Washegari ya kai takardun shagon kwamfuta aka ɗauki hotonsu, aka tura. Bai yi mata dogon bayani ba. Ya ce, "Ga su nan duka. Wadda kika ga dama ki kai, wadda kika ga dama ki ɓoye. Ɗanki ne." Kwana uku bai ji daga gare ta ba, abin da bai taɓa faruwa ba tun da aka fara maganar makarantar nan, har ya riƙa duba wayar ko ta lalace.

Ran na huɗu ta kira. Ta kai duka. Matar da ta karɓe su ko minti ɗaya ba ta yi a kan takardar firamare ba, ta rantsuwar kotu kuwa ta mayar mata ta ce ba sa bukata, sunan fasfo kawai suke bi. Mamuda ya rufe ido ya tuna magatakarda. Amma wasiƙar Malama Atine da katin asibiti, in ji Fa'iza, sai da matar ta karanta sau biyu, ta kira wata malama mai kula da yaran da karatu ke yi wa wuya, suka zauna da ita fiye da awa guda. Babu wanda ya zarge ta. Ajin 'yan sha huɗun dai za a sa shi, wannan babu makawa, amma za a rage masa darussa, a ba shi mai zama da shi a lissafi da Turanci, kuma kwana biyu a sati zai riƙa zuwa inda ake koyon aikin lantarki. An ce likita ma zai sake duba jininsa.

"Litinin zai fara, Yaya. Allah ya saka da alheri. Ka gai da malamar nan, ka ce na gode."

"Ke ki kira ta da bakinki, zan turo maki lambarta," in ji shi. Ya ji wani sanyi a ransa, amma bai bari ya fito a muryarsa ba.

Ya samu sati uku yana cire ciyawar da ta ci gonarsa. Khalifa ya turo hoto sanye da kwat da lakataye, wuyan rigar ya yi masa yawa, yana murmushi. Inna ta riƙe wayar ta daɗe tana kallo, ta ce an mayar mata da jika ɗan sanda.

Ranar wata Asabar da hantsi, yana zaune yana cin ɗumame, Junaidu ya kira. Ya gaishe da Inna, ya gaishe da Uwani, ya tambayi damina, ya tambayi maƙwabta. Mamuda ya ajiye cokali, don ya san wannan doguwar gaisuwa ba ta zuwa hannu sake.

"Yaya Malam, dama albishir ne. Mun samu wani gida da ya fi wanga girma, kusa da wurin aikin Fa'iza, can ɗaya gefen gari. Sai dai an ce in munka koma, makarantun yaran sun yi nisa, sai an sake cika takarda. Shi ne Fa'iza tac ce in turo maka sunayen makarantun unguwar, guda shida ne, ka duba muna."

Mamuda ya miƙa wa Uwani wayar, Junaidu na ta magana a ciki, ya jawo kwanonsa, ya ci gaba da cin ɗumamensa.